Ƙaramin Tsibiri Da Babban Littafi

Malamanmu na da sun ce abin da aka rubuta shi ke zama, abin da aka bar wa ka kuwa sai ya tsere. Duk wanda ya sha wahalar ajin yaƙi da jahilci har ya karɓi takardar shaidarsa ya san gaskiyar wannan magana, domin ya ga bambancin bashin da aka rubuta da wanda aka ce za a tuna. To, a cikin wasannin duniya da wuya a sami wanda ya dogara ga alƙalami kamar wasan kurket. Ba a fara shi sai malamin lissafi ya zauna da littafinsa, kuma ba a jefa ƙwallo ko sau ɗaya ba tare da ya sa alama ba. Saboda haka na ga ya kyautu in ɗauko labarin wani ɗan tsibiri da ya yi suna a wannan wasa, mu buɗe littafinsa tare, mu ga abin da lissafi ya ke iya faɗi, mu kuma ga abin da ya ke yin shiru a kansa.

Tsibirin nan sunansa Sirilanka. Yana cikin teku kudu da ƙasar Indiya, wani siririn mashigin ruwa ne kaɗai ya raba su. Larabawan da suna kiransa Sarandib, kuma Ibn Baɗuɗa, mashahurin matafiyin nan, ya sauka cikinsa a shekarar 1344 ya hau dutsen da a ke cewa akwai sawun Annabi Adamu a kansa. Turawa suka kira shi Silon, ya riƙe sunan nan har 1972. Masu shan shayi sun daɗe da saninsa ko da ba su san sun san shi ba, gama a kan duwatsunsa ne Baturen nan Lipton ya sayi gonakin shayi a 1890. Girman tsibirin duka bai kai na Jihar Neja ba, mutanensa kuwa wajen miliyan 22 ne. Kashi uku cikin huɗu Sinhala ne, galibinsu mabiya addinin Budda. Sai kabilar Tamil, waɗanda suka fi yawa a arewa da gabas da gonakin shayi. Musulmi sun kai kamar ɗaya cikin goma. Mutanen Fotugal ne suka fara zuwa cikin Turawa, sai na Holan, sa'an nan Ingilishi, waɗanda suka gama cinye tsibirin a 1815, suka riƙe shi har ya sami mulkin kai a 1948.

Kafin mu ci gaba, bari in bayyana yadda a ke wasan, don kada lissafin da ke tafe ya zama kamar karatun kurma. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum 11. A tsakiyar wani babban fili a kan daddaɓe wuri mai tsawon yadi 22, a kafa turaku uku a kowane ƙarshensa. Ƙungiya ɗaya ta aiko da mutum biyu, kowanne riƙe da sanda mai faɗi, su tsaya gaban turakun suna tsaronsu. Ɗaya ƙungiyar ta bazu cikin fili, mutum guda daga cikinsu ya riƙa jefo ƙwallo mai tauri kamar dutse, wadda ba ta wuce girman lemo ba. In mai sanda ya doke ta, shi da abokinsa suka yi musayar wuri a guje kafin a komo da ita, sai a rubuta masa gudu ɗaya. In ta gangara ta fita iyakar fili, a rubuta huɗu. In ta ƙetare a sama ba ta taɓa ƙasa ba, a rubuta shida. Amma in ƙwallo ta kuɓuce masa ta kaɗe turaku, ko kuwa ya doke ta wani ya cafe, to, an fitar da shi, sai na bayansa ya shigo. In aka fitar da mutum goma, zubinsu ya ƙare, sai a juya. Babban wasa tsakanin ƙasashe, wanda a ke kira Gwaji, ya kan ɗauki kwana biyar, kowace ƙungiya da zubi biyu, kuma in kwanakin suka ƙare ba a gama ba sai a ce an tashi ba kare bin damo. Akwai na yini ɗaya, inda kowane gefe ke da jifa 300, da kuma wani gajere mai jifa 120.

Ingilishi ne suka kai wasan nan duk inda suka yi mulki, har a nan ƙasarmu an buga shi a Kwalejin Katsina. A Silon, cikin shekarar 1832 wata jarida ta birnin Kolombo ta buga sanarwa tana kiran masu sha'awa su taru a kafa ƙungiya, aka kuwa kafa. Amma fa ƙungiyar ta Turawa ce zalla, kuma haka ta zauna har bayan samun mulkin kai. Da 'yan ƙasa suka ga an rufe musu ƙofa, sai kowane iri ya gina nasa ɗaki. Malayawan tsibirin suka kafa tasu a 1872, Sinhala da Tamil kowa ya kafa tasa a 1899, Musulmi suka kafa tasu a 1908. Wanda ya duba sunayen ƙungiyoyin nan kawai, ko bai karanta tarihin tsibirin ba, ya ga yadda jama'arsa ta ke a rarrabe. Wannan shi ne abu na farko da littafin ya faɗa mana, ko da ya ke ba don haka aka rubuta shi ba.

Inda wasan ya yi saiwa sosai shi ne manyan makarantun Kolombo, inda 'ya'yan attajirai da na manyan ma'aikata su ke karatu da Turanci. Biyu daga cikinsu, Royal da St. Thomas, sun fara karawa a 1879, kuma tun daga ran nan kowace shekara sai sun haɗu, har yaƙe-yaƙen duniya guda biyu ba su hana ba. Firayim Ministan farko na tsibirin, D. S. Senanayake, ya buga wa St. Thomas lokacin da ya ke ɗan makaranta. Akwai wani abin ban dariya a cikin littafin wannan karawa. A shekarar 1885 aka fitar da 'yan Royal gaba ɗaya da gudu 9 tak, sa'an nan aka yi ruwan sama, kashegari ba a ci gaba da wasa ba. 'Yan St. Thomas suka rubuta cewa sun ci, wai abokan karawarsu sun ƙi fitowa. 'Yan Royal suka rubuta cewa ba wanda ya ci, wai fili ne ya jiƙe. Yau shekara fiye da 130 ke nan, waɗanda suka buga wasan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma jikokin jikokinsu suna nan suna gardama. Ni dai abin da na lura da shi, gudu 9 ɗin nan ba mai musunsa, domin an rubuta shi nan take a gaban kowa. Abin da a ke musu a kai shi ne wanda kowane gefe ya koma gida ya rubuta shi kaɗai.

Shekara da shekaru mutanen Silon ba su da wata hanyar gwada kansu da manya sai ta albarkacin jirgin ruwa. In 'yan wasan Ingila za su Ostareliya, ko na Ostareliya za su Ingila, jirginsu ya kan tsaya a Kolombo, sai su sauka su yi wasan yini guda don su warware ƙafa. Ta haka ne Don Bradman, wanda a ke ganin ba a taɓa yin mai duka kamarsa ba, ya buga a can a 1930 da 1948. Baƙin nan sun sha yabon 'yan tsibirin da baki, amma yabon baki ba ya shiga littafi, kuma wasannin nan ba a lissafa su cikin Gwaji. Sai a 1975, da aka yi gasar Kofin Duniya ta farko a Ingila, aka gayyace su. A karawarsu da Ostareliya, wani mai jifa da a ke tsoro, Jeff Thomson, ya jikkata musu mutum biyu, Duleep Mendis da Sunil Wettimuny, har aka kai su asibiti. Duk da haka suka tara gudu 276 a kan 328 na Ostareliya, mutum huɗu kaɗai aka fitar musu. A 1979 kuma suka ka da Indiya a birnin Manchesta. Da hujja ta taru a rubuce, sai manyan suka rasa abin cewa. A 1981 aka karɓi Sirilanka ta zama ƙasa ta takwas mai yin Gwaji.

Gwajinsu na farko an yi shi a Kolombo cikin watan Fabrairu 1982, Ingila ta ci su. Amma a cikin waɗanda suka buga akwai wani yaro ɗan shekara 18, Arjuna Ranatunga, wanda ya yi gudu 54. Yaron nan daga makarantar Ananda ya fito, wadda mabiya Budda suka kafa domin 'ya'yansu, ba daga makarantun nan biyu na 'yan gata ba. A 1984 suka je filin Lord's na birnin Landan, wanda ya ke kamar fadar wasan, Sidath Wettimuny ya yi gudu 190, Mendis ya yi 111, aka tashi ba wanda ya ci. A 1985 suka sami nasarar Gwaji ta farko, a kan Indiya. In ka bi jerin sunayen 'yan wasa daga nan, ka duba garin da kowa ya fito, sai ka ga ƙofa tana ƙara buɗewa a hankali. Ga Sanath Jayasuriya daga Matara, can kudu a bakin teku. Ga Muttiah Muralitharan, Batamile daga Kandi a kan duwatsu. Daga baya ga Lasith Malinga, wanda ya koyi jifa da ƙwallon roba a kan rairayin ƙauyensu kusa da Gal. A ganina, nan asirin ya ke. Tsibirin bai ƙara girma ba, neman gwani ne aka faɗaɗa. Kogi bai ƙi yayyafi ba.

Shekarar 1996 ita ce ta alheri, ko da ya ke da baƙin ciki ta fara. Tun 1983 a ke yaƙin basasa tsakanin gwamnati da 'yan tawayen Tamil. Ran 31 ga Janairu 1996 aka ta da bam a Babban Bankin ƙasar a Kolombo, mutum 91 suka mutu. Ga shi kuwa saura 'yan makonni a fara Kofin Duniya, wanda Indiya da Pakistan da Sirilanka suka yi tarayyar ɗaukar baƙuncinsa. Ostareliya da tsibiran Indiya ta Yamma suka ƙi zuwa Kolombo don tsoro. Sai 'yan wasan Indiya da na Pakistan, waɗanda ƙasashensu ba sa ga maciji da juna, suka haɗu ƙungiya ɗaya suka je suka yi wasa a can, don su nuna wa duniya ba a yashe maƙwabci. A gasar nan Sirilanka ta zo da dabara. Al'ada ita ce masu duka na farko su lallaɓa, sai can ƙarshe a saki hannu. Su kuwa suka lura a farkon wasa doka ta tilasta yawancin masu tsaro su tsaya kurkusa, bayan fili ya zama wayam, sai suka sa Jayasuriya da Romesh Kaluwitharana su fara da duka tun jifar fari. Jayasuriya ya yi wa Ingila gudu 82 cikin jifa 44. Ran 17 ga Maris aka yi karon ƙarshe a Lahor, kuma da wa? Da Ostareliyar nan da ta ƙi zuwa. Ostareliya ta yi 241. Aravinda de Silva, wanda ya riga ya fitar musu da mutum uku, ya shiga ya yi 107 ba a fitar da shi ba, Ranatunga kuwa, wanda a lokacin shi ne shugaban 'yan wasa, ya buga dukan ƙarshe. Shekara 14 kacal bayan Gwajinsu na farko, suka ɗauki kofin duniya.

Yanzu ga lambobi biyu da kowane yaro mai son wasan a tsibirin ya haddace. Na farko 952. A watan Agusta 1997 Indiya ta yi gudu 537 a Kolombo, tana ganin ta yi abin kirki. Jayasuriya da Roshan Mahanama suka shiga suka yini biyu cur ba a raba su ba, suka tara 576 tsakaninsu, Jayasuriya 340, Mahanama 225. Ƙungiyar ta kai 952, ta shafe 903 da Ingila ta kafa tun 1938. Na biyu 624. A watan Yuli 2006, a karawa da Afirka ta Kudu, an fitar wa Sirilanka mutum biyu tana da gudu 14 kawai, sai aminan nan biyu, Kumar Sangakkara da Mahela Jayawardene, suka haɗu suka tara 624, Sangakkara 287, Jayawardene 374. Har ranar da na ke wannan rubutu ba ƙasar da ta wuce 952, ba kuma wasu mutum biyu da suka wuce 624. Amma ku dubi bambancinsu. Wasan 952 ba a ci shi ba, domin an cinye kwanaki biyar wajen tara gudu, ba a sami lokacin fitar da Indiya karo na biyu ba. Wasan 624 kuwa an ci shi sarai. Ni kam na fi ganin girman na biyun, ko da ya ke lambarsa ta fi ƙanƙanta. Rumbu cike da hatsi abin sha'awa ne, amma ba don a yi kallo a ke noma ba.

Lambar da ta fi kowace nauyi ita ce 800, watau yawan mutanen da Muralitharan ya fitar a wasannin Gwaji 133 daga 1992 zuwa 2010. Ba wanda ya kai shi, na bayansa shi ne Shane Warne na Ostareliya da 708. Muralitharan ba da ƙarfi ya ke jifa ba, murɗa ƙwallo ya ke yi da wuyan hannu, in ta taɓa ƙasa sai ta karkace ta bi inda mai sanda bai zata ba. To, dokar wasan ta ce mai jifa ya kewayo da hannunsa ta bisa kafaɗa, kada ya lanƙwasa gwiwar hannu sa'an nan ya miƙe ta kamar mai jifan tsuntsu a gona. Shi kuwa da lanƙwasasshen hannu aka haife shi, ba ya miƙuwa duka. Ran 26 ga Disamba 1995, a Melbon, gaban dubban jama'a, alƙalin wasa Darrell Hair ya soke jifarsa har sau bakwai, wai ya karya doka. A 1999 wani alƙalin ya sake yin haka a Adiled, har Ranatunga ya kwashi yaransa ya kai su bakin fili, wasa ya tsaya na ɗan lokaci. Ku tuna fa, Ranatunga Basinhale ne, wanda ya tsaya wa kuwa Batamile, ga yaƙi ana yi a gida, kuma a tarzomar 1977 an taɓa ƙone masana'antar biskit ta mahaifin Muralitharan. Wannan ba ya cikin littafin lissafi, amma wanda bai san shi ba bai san nauyin 800 ba.

Abin da ya kashe gardamar, gwargwadon yadda ta kasu, shi ne awo. Aka kai shi jami'a a Ostareliya da Hong Kong, aka liƙa masa alamu a hannu, aka ɗauki hotonsa da na'urori masu ganin abin da ido ba ya gani. Daga baya aka auna sauran masu jifa, sai ga shi kusan kowa yana ɗan miƙe hannu, har da waɗanda ba a taɓa zargi ba. Dole hukumar wasan ta duniya ta gyara doka, daga 2005 aka yarda da miƙewar da ba ta wuce digiri 15 ba, watau kashi ɗaya cikin shida na kusurwar ɗaki. Ido ya kan yi son kai, ma'auni ba ya yi. Duk da haka adalci ya sa in faɗi abin da masu suka ke faɗi, cewa 176 daga cikin 800 ɗin nan a kan Zimbabuwe da Bangaladash ya same su, waɗanda ba su da ƙarfi a lokacin. Gaskiya ne. Amma shi ne kuma ya fitar wa Ingila mutum 16 a wasa guda a birnin Landan a 1998. A wasansa na ƙarshe, a Gal cikin Yuli 2010, ya shiga da 792, ya riga ya yi shelar ba zai ƙara ba. Ya fitar da biyar a zubin farko, biyu a na biyu, sai ya zamana saura mutum ɗaya tak a Indiya, shi ma saura ɗaya ya cika. Aka yi ta fama, can Pragyan Ojha ya taɓa ƙwallo, Jayawardene ya cafe.

Akwai wuraren da littafin ya ke yin shiru, kuma shirun nan ma abin karantawa ne. In ka duba wasannin Gwajin da aka yi a filin Gal, sai ka ga babu ko ɗaya daga ƙarshen 2004 har Disamba 2007. Dalili kuwa, ran 26 ga Disamba 2004 teku ta yi ambaliya bayan girgizar ƙasa, ta hallaka fiye da mutum 30,000 a tsibirin, ta kuma lalata filin. In ka duba Gwajin Lahor na Maris 2009, sai ka ga Thilan Samaraweera ya yi gudu 214, bayan 231 da ya yi a Karaci, sa'an nan an rubuta cewa an bar wasa. Abin da ya faru shi ne, ran 3 ga wata 'yan bindiga suka buɗe wa motar 'yan wasan wuta a kan hanyar fili, 'yan sanda shida da farar hula biyu suka mutu, harsashi ya sami Samaraweera a cinya, direba ne ya yi ta maza ya kai su cikin fili. Shekara goma bayan haka, a 2019, Sirilanka ce ta fara komawa Pakistan yin Gwaji, kamar mai rama zumuncin 1996. Haka kuma in ka nemi yaran Jafna, babban birnin Tamil na arewa, cikin jerin 'yan wasan ƙasa a shekarun yaƙi daga 1983 zuwa 2009, ba za ka same su ba, alhali makarantun can ma suna da tsohuwar karawarsu ta shekara-shekara. Littafi yana lissafa wanda ya shiga fili, ba ya lissafa wanda aka tare a hanya.

Kada kuma a ce na zaɓo masu daɗi kaɗai. Malamin lissafi ba maroƙi ba ne, da abin yabo da abin kunya duk alƙalami ɗaya ke rubuta su. Sau huɗu Sirilanka ta kai karon ƙarshe na duniya ta faɗi, a 2007 da 2009 da 2011 da 2012, kafin ta ɗauki kofin gajeren wasa a Daka a 2014, bisa jagorancin Malinga, yaron nan na bakin rairayi. Da manyan gwanayen suka ajiye sanda, sai ƙarfi ya ragu. A 2023 Indiya ta fitar da su duka da gudu 50 a Kolombo, gaban mutanensu, ba a jima ba kuma ta sake fitar da su da 55. A ƙarshen shekarar nan hukumar duniya ta dakatar da hukumar wasan tsibirin saboda gwamnati ta sa hannu cikin sha'aninta, sai a farkon 2024 aka janye. Amma a cikin 2024 ɗin nan ne matan tsibirin, bisa jagorancin Chamari Athapaththu, suka ka da Indiya a garin Dambulla suka ɗauki Kofin Asiya karo na farko. Wata ƙofa ce da ta daɗe a rufe, da aka buɗe ta kuwa ga abin da ya fito.

To, 'yan'uwana da kuka koyi karatu da girma, me ya kai mu tsibirin da galibinmu ba za mu taɓa gani ba? Abu biyu ne. Na farko, ƙaramin mutum ba shi da makamin da ya fi rubutacciyar shaida. Da ba a rubuta abin da 'yan Silon suka yi a 1975 da 1979 ba, da manyan ƙasashe sun ci gaba da shafa musu kai suna cewa sai an jima. Mu ma muna da gwanaye. Kowa ya ji sunan Shago ɗan dambe, domin Ɗan Anace ya yi masa waƙa, amma tambayi mutum goma yawan karon da ya yi da yawan waɗanda ya kayar, ka ji amsa goma. Waƙa tana riƙe suna, littafi ke riƙe adadi, kuma jikoki suna da hakkin su gaji duka biyu. Na biyu, lamba ba ta ƙarya, amma ba ta faɗin kome sai an tambaye ta. In an ce maka 952, ka tambaya an ci ko ba a ci ba. In an ce 800, ka tambaya a kan su wa, da kuma wace wahala. In ka ga gurbi babu rubutu, ka tambaya me ya faru a shekarar. Haka za ka yi da rasit ɗin haraji, da awon gyaɗa, da alkawarin mai neman ƙuri'a.

Shawarata ita ce, in kaka ta yi aka kafa dandalin kokawa ko na dambe a garinku, wani daga cikinku ya sayi ɗan littafi na rubutu ya zauna gefe. Ya sa kwanan wata, da sunan gari, da sunayen waɗanda suka kara, da wanda ya yi kaye. In an tashi ya karanta a gaban kowane gefe, kowa ya ji ya yarda, don kada jikokinku su yi shekara 130 suna gardama kamar 'yan Royal da 'yan St. Thomas. Allah ya sa mu amfana da abin da muka koya, amin.